Tuson: Shawarar Mazaunin Gari Ga Baƙon Da Zai Zo Hamadar Arizona

Duk shekara idan watan Janairu ya raba tsakiya sai wayata ta fara ruri. 'Yan'uwa 'yan kasuwa ne daga Kano da Jos da Yamai, masu shirin zuwa baje kolin duwatsu masu daraja da ake yi a birnin Tuson na Jihar Arizona, a kudu maso yammacin Amurka. Tun 1955 ake wannan taro, yanzu kuwa ya bunƙasa har ya cika otal-otal da tantuna a sassan gari daga ƙarshen Janairu zuwa tsakiyar Fabrairu. Tambayar kowa ba ta wuce biyu: ina masauki mai rahusa, kuma ina abincin da mutum zai ci hankalinsa kwance. Nakan amsa daidai gwargwado. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, sai mutum ya yi mako biyu cur a garin nan ya koma gida bai san komai ba face tantin da ya kasa hajarsa da ɗakin da ya kwana. Na daɗe a Tuson har ta zame mini gida, shi ya sa na ga ya dace in rubuta amsar tambayar da ba a yi mini ba, wato me ya kamata baƙo ya gani.

Shawarata ita ce a bi sawun ruwa, domin kuwa labarin garin nan kacokan labarin ruwa ne. A fara da ɗan baƙin dutsen da ke yamma da tsakiyar gari, wanda ɗaliban Jami'ar Arizona suka kafa wa ƙaton harafin A. Daga gare shi garin ya samo suna, don a harshen 'yan asalin wurin, al'ummar Tohono O'odham, ma'anar sunan ita ce gindin baƙin dutse. A rubuce Tucson ne, amma ba a furta harafin tsakiyar. Wanda ya hau dutsen da sanyin safiya zai ga tsaunuka sun yi wa gari ƙawanya, a ƙasansa kuma ga wani faffaɗan kwari mai yashi. Wannan kwari shi ne Kogin Santa Kurus. A gaɓarsa masu tonon tarihi suka gano masarar da aka noma kimanin shekara 4,000 da suka wuce, da hanyoyin ban-ruwa da suka haura shekara 3,000. Saboda ruwan kogin ne sojojin Sifaniya suka kafa sansani a nan a 1775. Garin ya koma hannun Meksiko a 1821, sannan Amurka ta saye yankin a 1854 a kan dala miliyan 10.

Sai dai kash, zuwa shekarun 1940 injinan jan ruwa sun zuƙe ƙarƙashin ƙasa har kogin ya ƙafe. Mafi yawan ruwan da baƙo zai yi wanka da shi a masaukinsa daga Kogin Kolorado yake zuwa, ta wata magudanar siminti mai tsawon kimanin kilomita 540, ana turo shi da injina yana hawa tudu na kusan mita 900. A 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a Kolorado a karon farko, aka rage kason Arizona, manoma suka fara ɗanɗana kuɗarsu. Tun watan Yunin 2019 hukumar gari ta soma sakin tataccen ruwan da aka riga aka yi amfani da shi a cikin kwarin, kusa da gindin dutsen, sai ga ciyayi da tsuntsaye sun dawo. Ɗan siririn ruwa ne da yaro zai iya tsallakewa, amma na ga dattijo ya tsaya a kansa yana share hawaye. Nan kusa akwai lambun da ake kira Mission Garden, inda ake shuka amfanin gonar kowane zamani na tarihin garin, daga masara da waken O'odham zuwa ɓaure da rumman da alkamar da Sifaniyawa suka kawo.

Daga nan a gangara tsohuwar unguwa da ake kira Barrio Viejo, kudu da tsakiyar gari. Ranar da na fara shiga cikinta sai da na tsaya cak. Gidajen ƙasa ne masu kaurin bango, jere a bakin titi ba tare da shinge ba, rufinsu a shimfiɗe, ga indararo na leƙowa, tsakar gida kuma tana can ciki a ɓoye. A wasu tsoffin ɗakunan za ka ga an jera sandunan busasshiyar bishiyar hamada a kan ginshiƙan rufi, tamkar yadda maginanmu ke jera azara. Irin wannan gini suna ce masa adobe, kalmar da Sifaniyawa suka aro daga Larabci, aɗ-ɗub, wadda ko a kunnen Bahaushe ba ta yi nisa da tubali ba. Abin da ya rage na unguwar ɓangare ne kawai. A ƙarshen shekarun 1960 an rushe kimanin eka 80 da sunan raya birni, aka tashi iyalai 'yan asalin Meksiko da Sinawa da baƙaƙen fata, aka gina zauren taro da aka buɗe a 1971. Har gobe tsofaffin gari ba su huce ba, kuma ban ga laifinsu ba. Abin mamaki, gidajen da a wancan lokaci aka kira kufai, su ne yau masu hannu da shuni ke rububin saye.

Wurin da nake so kowane magini ya je shi ne San Xavier del Bac, kimanin kilomita 16 kudu da gari, a ƙasar O'odham. Coci ce fara fat da wani limamin Kirista, Eusebio Kino, ya assasa a 1692, ginin da ke tsaye yanzu kuwa an yi shi tsakanin 1783 da 1797, kuma ɗaya daga cikin hasumiyoyinta biyu ba a ƙarasa ta ba. Har yanzu wurin ibadar mutanen ƙauyen ne, saboda haka a kiyaye musu mutunci. Wanda bai ga dacewar shiga ba, abin da nake son ya gani yana jikin bangon waje. A tsakiyar ƙarni na 20 masu son gyara sun shafe ginin da siminti, a zatonsu sun yi masa gata. Ashe simintin ya kulle danshi a ciki, tubalin ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Daga ƙarshen shekarun 1980 aka shiga kankare shi, aka koma yaɓen kakanni: farar ƙasa da yashi da yauƙin wani tsiro mai ƙaya, mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu. Da aka yi mini wannan bayani sai makuba ta faɗo mini a rai, da kuma tsoffin soraye nawa na sani a gida da aka lulluɓe da siminti suka zube bayan 'yan damuna.

Mai zuwa can ya riƙe fasfo da takardunsa a aljihu. Babbar hanya mai lamba 19 da ta bi ta wurin ita ce ke kaiwa Nogales, bakin iyakar Meksiko, tafiyar kusan kilomita 100, kuma wanda ya zarce kudu zai tarar da shingen jami'an kan iyaka a hanyar dawowa. A dajin da ke gefen wannan hanya da yammacinta dubban baƙin haure sun mutu da ƙishirwa daga shekarar 2000 zuwa yau. Wanda ya san labarin hanyar Agadas zuwa Libiya ba ya buƙatar dogon bayani idan ya ga shuɗiyar ganga da tuta a kanta, wadda masu aikin agaji ke cikawa da ruwa.

Batun abinci kuwa, a 2015 hukumar UNESCO ta sanya Tuson cikin biranen da suka yi fice a girke-girke, ita ce ta farko a Amurka. Gidan abinci na El Charro, wanda aka buɗe a 1922, yana shanya yankakken naman sa a cikin keji a saman rufi, rana ta busar da shi. Ba kilishi ba ne, amma 'yan gida ɗaya ne. Gargaɗina ga Musulmi shi ne ya riƙa tambaya, domin ana yawan sa kitsen alade a dafaffen wake da kuma gurasarsu ta alkama, sannan shahararren burodin nan mai tsiran nama da ake sayarwa a bakin titi da naman alade ake naɗe shi. Akwai masallacin Juma'a dab da jami'a, a can ne ake samun labarin inda ake sayar da naman yanka.

Hamadar kanta ba irin tamu ba ce. Tana samun ruwan sama kashi biyu, da sanyi da kuma daga Yuli zuwa Satumba, jimilla kusan milimita 300 a shekara, saboda haka cike take da tsirrai. Sarkinsu shi ne sawaro, wanda suke rubutawa saguaro, wani kore mai ƙaya dangin kamannin tinya, sai dai yakan kai mita 12 a tsaye. Yakan shekara 50 zuwa 70 kafin ya fitar da reshen farko, ya rayu shekara 150 ko fiye, doka kuma ta hana taɓa shi. Gandun da aka keɓe masa ya kasu biyu, gabas da yammacin gari. Na yamma na fi so, a je da la'asar sakaliya ta mashigar Gates Pass a ga faɗuwar rana. Idan dare ya yi a ɗaga kai sama, domin tun 1972 garin ya kafa dokar rage hasken fitilu saboda masu nazarin taurari.

Kada wanda ya sha ranar Sakkwato ya ce ya san zafi. Ni ma haka na ce, na shiga daji a watan Yuni da gorar ruwa ɗaya, sai da wasu bayin Allah suka rako ni mota jiri na ɗibata. Iskar a bushe take ƙayau, gumi na ƙafewa kafin ka gan shi, kuma a Yunin 1990 zafi ya kai digiri 47. Ƙa'idar 'yan gari ita ce, da ruwanka ya kai rabi ka juya. Da damuna kuma kada a kuskura a tsallaka kwari da mota idan ruwa na gudu. Wanda ya ƙetare shingen gargaɗi ya maƙale, dokar jiha ta ba da damar a caje shi kuɗin ceto. Masu zuwa a Fabrairu matsalarsu daban ce: sun ji an ce hamada sai su taho da 'yar shara, alhali da asuba sanyi kan kusa daskarar da ruwa, kan tsaunin Lemmon mai tsayin kusan mita 2,800 kuwa ƙanƙara ce kwance. A zo da rigar sanyi da rufaffen takalmi. A kuma saka ƙaramin matajin kai a aljihu, saboda wata ƙaya da ake kira colla, wadda da ka goge ta sai guntunta ya ɓalle ya maƙale maka a ƙafa. Idan ka sa hannu za ta koma hannun, da mataji ake zare ta.