Ƙarfen Arlit: kada ku yanka sai an auna

Ƴan gwangwan, maƙera, masu walda da magina na Damagaram, da ku nake. Idan aka sauke muku tsohon tiyo, ko tanki, ko durom, ko guntun inji, aka ce daga Arlit ko Akokan ya fito, kada ku yanka, kada ku kankare, kada ku sa masa wuta, kada kuma ku shiga da shi gida sai an auna shi. Komai arharsa ku haƙura.

Ranar 31 ga Maris 2021 aka rufe mahaƙar uraniyum ta COMINAK da ke Akokan, wadda ta fara fitar da uraniyum tun 1978. Ta bar tarin dusar ma'adini da ya kai wajen tan miliyan 20, ga kuma injuna da bututai da suka shekara arba'in suna ɗaukar ruwan ma'adinin. A cikin irin waɗannan bututai wani dafi ne ke taruwa, ya bushe ya yi ɓawo. Cikin ɓawon akwai radiyum, wanda sai ya shekara 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Ba shi da wari, ba shi da zafi a hannu, ido ba ya rarrabe shi da tsatsa. Daga Arlit zuwa Agadas, a biyo ta Tanut a shigo Damagaram, hanya ɗaya ce, kuma tsohon ƙarfe inda ake sayensa yake bi.

Maganar ba ta yau ba ce. A Disamba 2003 ƙungiyar Aghirin'man ta Almustafa Alhasan, wanda shi kansa ma'aikacin kamfanin uraniyum na SOMAIR ne, ta gayyato masu binciken CRIIRAD daga Faransa, suka tarar da gurɓataccen ƙarfe ana sayar da shi a fili a Arlit. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta zo da nata na'urorin. A wani wuri a titin Akokan awon ya ninka abin da aka saba gani har kusan sau 500, kuma cikin ruwa kala biyar da ta ɗiba, huɗu sun wuce iyakar uraniyum da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a sha. An buga rahotanni masu kauri da Faransanci da Ingilishi, an yi ta muhawara a Paris. Amma maƙerin da zai tsuguna ya kafa wa ƙarfen zarto, wa ya zo ya faɗa masa da harshen da yake ji?

Kada kowa ya firgita ya ce taɓawa ɗaya mutuwa ce. Ba haka abin yake ba, kuma nan ne muguntarsa. A Goyaniya ta ƙasar Burazil, a 1987, masu tsintar ƙarfe sun fasa wata na'urar asibiti da aka yasar, mutum huɗu suka mutu cikin makonni, aka tantance sama da 100,000. Wancan guba ce mai gaggawa, dole kowa ya farga. Tamu sannu take ci. Ka duba mai walda ya sa injin yanka a tiyo: ƙura ta tashi, ya shaƙa, ta kwanta a gemunsa da rigarsa, ya miƙa hannu ya ɓare goro bai wanke ba. Da yamma uwargida ta karkaɗe rigar a tsakar gida, yaro na rarrafe kusa da ita. Ranar ba wanda zai yi ko tari. Sai bayan shekara goma ko ashirin ciwon huhu ko na ƙoda ya taso, a ce sammu ne ko sanyi, ba mai tuna tiyon.

Iyayenmu da yayyenmu da suka yi aiki a ramin COMINAK ko masana'antar SOMAIR suka dawo gida Mirya, Matamaye, Magarya ko Gure, ku adana takardunku na aiki da duk wata shaidar awon da aka yi muku. In tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko numfashi ya ragu, ko jiki na ramewa, ku je babban asibitin Damagaram, kuma da bakinku ku ce wa likita: na yi shekara kaza a ramin uraniyum. Mai shan taba a cikinku ya bari, don iskar radon ta ramin uraniyum da hayaƙin taba in sun haɗu a huhu ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi. Takarda tana da rana. Wani Bafaranshe, Serge Venel, ya yi aiki a COMINAK daga 1978 zuwa 1985, sankarar huhu ta kashe shi a 2009. A 2012 wata kotu a Faransa ta ɗora wa Areva, uwar kamfanin COMINAK, alhaki, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin a 2013. Mai lauya da cikakkun takardu ke nan ya sha wannan wuya, balle ɗan kwangilar da ya dawo ƙauye hannu rabbana.

Saura hukuma. Tun Yuni 2025 SOMAIR ta dawo hannun ƙasa, kuma a Yuli 2025 aka sa hannu da Rasha kan haɗin gwiwar makamashin nukiliya. To, yanzu bakin da zai yi bayani namu ne, ba na Orano, wato tsohuwar Areva, ba. A tashar nukiliya ta Fukushima a Japan, ranar 24 ga Maris 2011, ma'aikata uku sun taka gurɓataccen ruwa, aka kai biyu asibiti, kuma a ranar duniya ta ji adadin abin da jikinsu ya ɗauka. Wannan shi ne mafi ƙarancin abin da ake bin kowace hukuma. Duk ranar da ma'aikaci ya gurɓata ko kaya suka zube a hanya, a faɗa a ranar: ina ne, mene ne, nawa awo ya nuna, su wa za su zo a duba su. A faɗa da Hausa, da Barbarci, da Buzanci, da Fulatanci, a rediyo, a masallatan Juma'a, ta bakin masu unguwanni da fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram. Hukumar makamashin nukiliya ta HANEA da hukumar kula da tsaron nukiliya su turo ma'aikaci da na'urar awo, ya zaga kasuwar Dole da zangon ƴan gwangwan, ya auna kyauta, ba tara ba kame, don in aka ce za a ci mutum tara, ɓoye ƙarfen zai yi ƙarƙashin gado.

Wanda kuwa ya riga ya saya, ko ya yi ƙyaure ko mazubin ruwa da shi, ya fitar da shi daga ɗakin kwana yau, ya daina zuba ruwan sha ko hatsi a ciki. Kada ya jefa shi a tafki ko rijiya, kada ya sayar wa wani. Ya jingine shi nesa da yara da dabbobi, ya wanke hannu da sabulu, ya je ya sanar da mai unguwa.