Sanamakki (Filasko): Amfaninsa Da Iyakar Shansa

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (SAW).

'Yan uwa Musulmi, sanamakki, wanda Hausawa ke kira filasko, yana cikin ganyayen da aka fi saye wajen masu magungunan Musulunci. Tirmizi da Ibn Majah sun kawo ambatonsa a hadisin Asma'u bint Umais (RA), Ibnul Ƙayyim kuma ya yi bayaninsa a Zadul Ma'ad. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa shi cikin jerin muhimman magunguna. Sai dai magani ne mai ƙarfi, ba shayin kullum ba.

Yadda yake aiki

Amfaninsa da likitoci suka tabbatar shi ne magance taurin bayan gida. Sinadarin da ke cikin ganyen yana motsa babban hanji, ya kuma tara ruwa a cikinsa, sai bayan gida ya yi laushi. Yakan fara aiki bayan awa 6 zuwa 12, shi ya sa ake shan sa da dare. A fara da kaɗan, a yawaita shan ruwa, kuma kada a wuce kwana 7 a jere ba tare da ganin likita ba.

Illar wuce iyaka

Yawan shansa yana kawo murɗar ciki da gudawa, ya ƙarar da ruwan jiki da sinadarin fotasiyam wanda zuciya ke buƙata. Masu shan sa don rage ƙiba su sani ruwa suke zubarwa, ba kitse ba. Mai azumi a lokacin zafi ya yi hattara ƙwarai.

Waɗanda za su guje shi

Mai juna biyu, da mai shayarwa, da yaron da bai kai shekara 12 ba, kada su sha sai da iznin likita. Haka mai ciwon ƙoda, da mai shan maganin zuciya ko maganin sa fitsari. Wanda ke fama da matsanancin ciwon ciki da amai, ko ya ga jini a bayan gida, asibiti zai nufa, domin hanji na iya kasancewa a toshe, sanamakki kuwa zai ƙara ta'azzara lamarin.

Neman magani sunna ne, amma jiki amana ce, kuma Shari'a ta hana mutum cutar da kansa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.