Bel Ɗin Taimin: Arahar da Ke Kashe Inji

A kasuwar Ladipo ta Legas da Ƙofar Ruwa ta Kano, bel ɗin taimin na jabu da na ainihi kusan ɗaya suke a ido. Amma a inji mai ƙarfi irin na Honda Accord V6, in bel ya tsinke ana cikin gudu, fistin kan daki bawul ya lanƙwasa su, sai an sauke kan inji. Kamfanin Honda ya ce inda zafi ke wuce digiri 43, kamar Sakkwato da bazara, a canza shi a kilomita 100,000. Makanikin kirki kan canza shi tare da famfon ruwa, tun da kwancewar ɗaya ce, ya juya injin da hannu zagaye biyu ya ga alamomi sun hau kafin a murza makulli. Mota 'yar Kwatano kuwa, mitarta ba abin yarda ba ce.