Bayani Kan Haɗa Kwamfuta da Intanet ta Hanyar Wayar Salula a Yankin Ƙauran Namoda, Shinkafi da Zurmi

Kamar yadda jama'a suka sani, yankinmu na arewacin Jihar Zamfara bai ci moriyar wayar tarho ta girke ba kamar yadda manyan birane suka ci. Mutumin Jangeru ko na ƙauyukan Zurmi da ke son aika saƙon gaggawa a da, tashar mota yake nufa ya ba direba wasiƙa. Saboda haka, lokacin da mazauna birane suka fara shiga intanet ta layin NITEL, mu ba mu da igiyar da za mu jona. Wayar salula ce ta buɗe mana wannan ƙofa, kuma mun ga ya dace mu yi wa jama'a da ma'aikatan ƙananan hukumomi bayanin yadda abin yake aiki, domin har yanzu saninsa bai daina amfani ba.

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, wato NCC, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowanne. Kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki a watan Agustan wannan shekara, Globacom kuma ya biyo baya a Agustan 2003. Daga manyan birane aka fara kafa turakan sadarwa, sannu a hankali suka iso Gusau, suka bi hanyar Ƙauran Namoda zuwa Shinkafi da Zurmi. Wanda ya riƙe layin Econet tun farko zai tuna cewa sunansa ya koma Vmobile, sai Celtel a 2006, sai Zain a 2008, sannan Airtel a 2010.

An ƙirƙiri GSM ne domin magana. Hanyar farko ta tura bayanai a kansa tana kama da buga waya: kwamfuta ta kira lamba, ta riƙe layin, ana caji da minti, gudun kuma kilobit 9.6 ne kacal a daƙiƙa. Takarda mai nauyin megabait ɗaya tana cin kusan minti 14, a zamanin da minti ɗaya na magana yake naira 50. Ba abin talaka ba ne. Fasahar GPRS ce ta sauya lamarin. Tana yayyanka saƙo ƙanana-ƙanana, ta cusa shi a guraben da masu magana ba su cika ba, kuma ana biyan kuɗi gwargwadon nauyin abin da aka aika ko aka karɓa. A takarda gudunta ya kai kilobit 171, amma a zahiri wanda ya samu 40 ya gode wa Allah. Megabait ɗin nan sai ya sauka cikin minti uku da 'yan kai. Daga baya aka inganta ta zuwa EDGE, mai ninka wannan gudu kamar sau uku. Su ne haruffan G da E da ke fitowa a saman fuskar waya.

Kayan da ake buƙata ba su da yawa. Akwai kwamfuta, wadda a lokacin galibi Windows XP take ɗauke da shi, da waya mai GPRS, da abin da zai haɗa su. Masu Nokia sun fi amfani da igiya irin su DKU-5 ko CA-42 tare da manhajar Nokia PC Suite. Wasu suna amfani da Bluetooth, wasu kuma da hasken infared, wanda tilas a ajiye waya da kwamfuta ido da ido, in aka ɗan taɓa teburin haɗin ya yanke. Da zarar an jona, kwamfuta tana ɗaukar wayar a matsayin modem. Daga nan sai a buɗe sabon haɗi, a sa *99# a gurbin lambar kira, a rubuta sunan mashigar kamfanin da ake kira APN. Na MTN, alal misali, shi ne web.gprs.mtnnigeria.net. A nan ne mafi yawan mutane suke tuntuɓe. Harafi ɗaya in ya kuskure, kwamfuta za ta yi ta kira ba amsa, mai ita ya ɗora laifin a kan sabis ko ya kai lafiyayyar waya wurin mai gyara.

Akwai dalilai biyu da suka sa haɗin yake wahala a karkara, kuma su muke so jami'anmu su fi riƙewa. Na farko nisa ne. Turken GSM ba ya iya hulɗa da wayar da ta wuce kilomita 35 daga gare shi, kuma tun kafin a kai nan, tudu da itatuwa da katangar gida sun rage ƙarfinsa. Duk lokacin da sigina ya yi rauni, tsarin yana rage gudu da kansa domin saƙo ya isa ba kuskure. Shi ya sa aka riƙa ganin ma'aikaci ya rataye waya a taga, ya ja igiya zuwa teburinsa. Wannan dabara ce mai tushe, ba camfi ba. Na biyu cunkoso ne. Kowace tashar rediyo a jikin turke guraba takwas gare ta, kuma masu magana ake fara ba wa. Ranar Alhamis, da kasuwar Shinkafi ta cika, fatake suna ta kiran abokan cinikinsu, abin da zai rage wa mai kwamfuta kaɗan ne. Wanda ya san haka yakan bari sai bayan sallar Asuba ko cikin dare. Haka kuma yawancin wayoyin wancan lokaci ba sa haɗa magana da bayanai a lokaci guda, kira na shigowa aikin ya tsaya.

Duk da wannan jinkiri, amfanin ya yi yawa. Da hukumomin jarrabawa irin su JAMB da WAEC da NECO suka mayar da rajista da duba sakamako kan intanet, ɗalibin da bai samu shiga ba kafin ranar rufewa yana iya asarar shekara guda cur. Malamin makaranta mai kwamfutar tafi-da-gidanka da waya yakan hutar da ɗalibai da dama kuɗin motar zuwa shagon intanet a Gusau ko kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda. Sai dai mun sha ganin wanda ya sa katin kuɗi mai tsoka, ya jona, kafin ya buɗe shafi ɗaya kuɗin sun ƙare, domin kwamfutar ta fara sabunta manhajojinta a ɓoye. Maganin shi ne kashe wannan sabuntawa da kuma hana hotuna buɗewa sai an bukace su.

A 2007 NCC ta ba da lasisin 3G, aka fara sayar da ƙananan modem masu kama da filashi da ake zura wa layi a soka a jikin kwamfuta. Yau kuwa wayar zamani tana raba intanet ta hotspot ba tare da an rubuta *99# ba. Amma inda sabis mai ƙarfi bai kai ba, wayar kan koma kan harafin E, kuma duk ƙa'idojin da muka zayyana su dawo aiki. Jama'ar jihar nan sun ƙara sanin muhimmancin wannan hanya a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa saboda dalilan tsaro, aikin ofis da na ɗalibai da na masu POS ya tsaya na tsawon makonni.

Muna kira ga sakatarorin ƙananan hukumomi da shugabannin makarantu da jami'an lafiya da ke aika rahoto daga karkara, da su rage nauyin takardu da hotuna kafin turawa, su ajiye layin kamfani fiye da ɗaya, su kuma gano wurin da sigina ya fi ƙarfi a harabarsu. Rahoton da aka ƙayyade wa rana, a tura shi kwana biyu kafin ranar, kuma a kauce wa ranar kasuwa.