Wasannin intanet: Abin da ya sa lambar ID da yankin saba suka fi sunan ɗan wasa muhimmanci

Duk matashin da ke buga PUBG Mobile ko Free Fire a waya ya haddace sunan da ya laƙaba wa kansa, har da taurari da kambin da ya ƙawata shi da su. Amma a tambaye shi lambar ID ɗinsa ko yankin da asusunsa yake, sai ya fara sosa ƙeya.

A wurin kamfanonin wasannin kuwa, waɗannan biyun su ne adireshin ɗan wasa. Da su ake sanin asusun da kuɗi za su shiga, da kuma ko mutum zai iya haɗuwa da abokansa a fili ɗaya.

Suna ado ne, lamba ita ce shaida

Ana iya sauya suna a duk lokacin da aka ga dama, matuƙar an mallaki katin sauya suna ko an biya da kuɗin cikin wasan. Lambar ID kuwa ana ba da ita ne ranar da aka buɗe asusu, kuma ba ta canzawa.

A PUBG Mobile da Free Fire, idan ka taɓa hotonka a kusurwar hagu ta saman waya, shafin bayananka zai buɗe. Lambar tana kusa da sunan, tare da ɗan maɓallin kwafe ta.

A Mobile Legends lambobi biyu ne: doguwa ta ɗan wasa, da gajera a cikin baka wadda ke nuna saba. Wurin sayayya dukansu ake nema.

A Genshin Impact, wanda ya fito a 2020, lambar tana ƙasan allo ta dama, kuma ita kanta tana faɗin yankin. Mai farawa da 6 ta Amurka ce, 7 ta Turai, 8 kuma ta Asiya.

Mece ce saba?

Saba babbar kwamfuta ce ta kamfani, wadda ke karɓar motsin kowane ɗan wasa ta yanke hukuncin wanda ya riga wani harbi. Kamfanoni na girke irinta a sassan duniya, su raba 'yan wasa yanki-yanki.

Nisanka da ita shi ne babban abin da ke tsara ping, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo. Ana auna shi da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Idan ɗan wasa a Kano yana kan sabar Turai, saƙonsa kan sauka Legas, ya bi wayoyin ƙarƙashin teku irin su MainOne da ta fara aiki a 2010, ko Equiano ta Google da ta iso Legas a 2022, kafin ya kai can ya juyo.

Shi ya sa wani lokacin za ka ga ka ɓuya a bayan bango amma an riga an kashe ka. A wurin sabar, ba ka kai bangon ba tukuna.

Kuskuren da ke da wuyar gyarawa

A ƙarshen 2020 PUBG Mobile ya sa doka cewa wanda ya sauya saba sai ya jira kwana 60 kafin ya sake sauyawa. A Free Fire kuwa, yankin da aka buɗe asusu a cikinsa nan yake zama. Wanda ya kunna VPN ya buɗe asusunsa a Indonesiya ko Brazil don kwaɗayin kyaututtukan can, zai tarar ba ya iya shiga tawaga ɗaya da abokan unguwarsu. Lambobin kyauta da kamfanin ke rabawa ma kowanne da yankin da yake aiki.

A Genshin Impact, duk abin da ka tara a sabar Turai ba ya binka zuwa ta Asiya. Daga farko za ka soma.

Inda kuɗi ke salwanta

Masu sayen UC ko dayamon ta shafuka irin su Midasbuy da Codashop lambar ID suke sakawa. Kuskuren lamba ɗaya na iya kai kuɗin asusun wani baƙo, kuma dawo da su abu ne mai wuya. Don haka kwafe lambar ya fi rubuta ta da hannu. Idan shafin ya nuno sunan mai asusun, a tsaya a karanta shi kafin a biya. Iyayen da ke saya wa yara ma su kula da wannan.

Lambar ID ba sirri ba ce, ba a kuma shiga asusu da ita kaɗai. Duk mai sayarwar da ya ce sai ka ba shi kalmar sirrin Facebook ko Gmail ɗinka, ko lambar tantancewa da aka turo maka ta tes, asusun yake so ya kwashe.

Haka nan wanda ke wasa a matsayin baƙo, bai haɗa asusunsa da Facebook ko Google ba, yana iya rasa komai ranar da wayar ta ɓace ko ta lalace. Ya kamata ya haɗa shi tun yau, ya ɗauki hoton shafin bayanansa ya adana. Ranar da asusu ya samu matsala, lambar da yankin na cikin abubuwan farko da kamfanin zai tambaya.