Mai Wankin Mota Da Mai Sayar Da Abinci

A Nima da Mamobi da Zangon Kumasi, duk wanda ya buɗe wurin wankin mota ba ya daɗewa sai wata mata ta zo neman gefe ta kafa teburinta. Daga nan mai wuri ya shiga tunani: ya ba ta haya ko ya hana?

Amfanin a fili yake. Direban da ya sami wake da shinkafa ko koko da ƙosai a kusa ba ya ƙosawa da jira. Yaran wanki ma ba sa barin aiki su tafi neman abinci. Ga kuma 'yan sidin haya duk ƙarshen wata.

Amma ruwan wanki yana ɗauke da sabulu da baƙin mai da ƙazantar titi, iska kuma tana kai feshinsa nesa. Mutanen Gana ba su manta da kwalarar 2014 ba, wadda ta kashe fiye da mutum 200. In ciniki ya jawo ciwon ciki, sunan mai wuri ne zai ɓaci tare da nata.

Saboda haka a ba ta, amma da sharaɗi. Teburinta ya zauna ta tudu, nesa da kwata da feshi. Ta nuna takardar gwajin lafiya da hukuma ke bai wa masu sayar da abinci. Ruwan girkinta daban. A rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu: kuɗin haya, kuɗin wuta, kwashe shara, da wa'adin wata ɗaya in za a rabu.

Rigakafi dai ya fi magani. Allah Ya ba kowa kasuwa.