Haƙƙin Mai Kallo a Kan Shirin da Aka Katse

A ranar 2 ga Janairu, 2023, Baran bo Odar da Jantje Friese, Jamusawa biyu masu shirya fim, suka sanar da cewa Netflix ba zai ci gaba da shirinsu mai suna 1899 ba, alhali ko wata biyu bai yi da fitowa ba. Labarin wani jirgin ruwa ne da ya kwaso masu ƙaura daga Turai zuwa Amurka, sai a tsakiyar teku ya ci karo da wani jirgin da aka yi wata huɗu ana nema. Daga nan fasinjoji suka shiga mutuwa da ɓacewa, ba wanda ya san dalili. Kashi takwas aka nuna, na takwas ɗin kuwa sabuwar tambaya ya jefa wa masu kallo, domin zango uku masu shirin suka tsara tun farko. Miliyoyin mutane sun kalla har ƙarshe, kuma har yau ba su san inda labarin ya dosa ba. Ra'ayina shi ne duk wanda ya fara ba da labarin al'ajabi, na aljanu ne ko na wani ɓoyayyen kisa, ya ɗauki alƙawarin warware shi, kuma rashin kuɗi ko dakatarwar hukuma ba sa sauke masa wannan nauyin.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, aka saba da Daɗin Kowa, sannan Kwana Casa'in da Labarina suka biyo baya, shiri mai dogon zango ya zama abincin masu kallon Hausa. Kasuwar faifai ta mutu, furodusoshi suka koma YouTube, inda kuɗin talla ke bin yawan masu kallo. Tsarin yana da illar da ba a cika faɗa ba: shirin da ke kawo kuɗi sai a yi ta jan sa ko da labarin ya ƙare, wanda kuwa kallonsa ya ragu sai a wayi gari an daina sa shi, babu sanarwa, babu ban haƙuri. Mai kallo a Yelwa ko Wara ko Shanga ba kyauta yake kallo ba. Ko dai ya sayi data, ko ya biya mai shagon tura fina-finai ya zuba masa a waya, sannan ya biya kuɗin caji, tunda ƙauyuka da yawa na bakin tafkin Kainji ba su da tsayayyar wuta duk da kusancinsu da madatsar. Masunci ko mai noman albasa da ya ware wannan kuɗin mako bayan mako ya yi ciniki ne, kuma a shirin al'ajabi abin da yake saye shi ne amsar da aka ce tana tafe.

A nan ne irin wannan shiri ya bambanta da na zaman gida da kishi da soyayya. Daɗin Kowa labarin gari ne da mutanensa. Duk makon da aka tsayar da shi, mai kallo zai yi kewa, amma abin da ya kalla a baya bai lalace ba, domin kowane kashi ya riga ya ba shi dariyarsa da darasinsa. Labarin al'ajabi kuwa duk darajarsa tana gaba. Inuwar da ta gilma a kashi na uku, da rijiyar da aka hana kowa leƙawa a kashi na biyar, ba su da ma'ana sai ranar da aka bayyana su. In ranar ba ta zo ba, duk sa'o'in da aka kashe a baya sun tashi a banza. Kamar mai kwalekwale ne da ya karɓi kuɗin fito a gaɓar Yauri, ya kai tsakiyar ruwa ya ajiye filafili: rabin tafiyar da ya yi ba ta amfani fasinja da komai ba.

Shirin da ya fi kowanne koyar da wannan darasi shi ne Twin Peaks, wanda David Lynch da Mark Frost suka ƙirƙira, tashar ABC ta Amurka ta fara nunawa a watan Afrilu, 1990. An tsinci gawar wata ɗaliba, Laura Palmer, a bakin ruwa a wani ƙaramin gari mai dazuzzuka, aka turo jami'in bincike Dale Cooper. Mutum fiye da miliyan talatin suka kalli kashin farko. Da tafiya ta yi nisa, sai ya bayyana cewa akwai wasu halittu na ɓoye a dajin da ke shiga jikin mutane. Tashar ta matsa wa masu shirin lamba su faɗi wanda ya yi kisan, suka faɗa a watan Nuwamba na shekarar, a tsakiyar zango na biyu: mahaifin yarinyar ne, wanda wani mugun iska ya daɗe da hawa kansa. Da aka ba da amsar kafin lokacinta, sai shirin ya rasa abin riƙewa, masu kallo suka watse, aka yi ta sauya masa ranar nunawa, daga ƙarshe aka soke shi. Kashi biyu na ƙarshe an haɗa su aka nuna a dare ɗaya, ranar 10 ga Yuni, 1991. Maimakon a rufe labarin, sai aka ƙare da cewa iskan nan ya fito duniya cikin siffar Cooper kansa, mutumin da kowa ya dogara da shi. Shekara ashirin da shida masu kallo suka jira kafin tashar Showtime ta dawo da shirin a 2017 da kashi goma sha takwas. Kuskure biyu ke nan a shiri ɗaya, kuma tushensu guda: lissafin tasha ne ya yanke lokacin da za a buɗe asiri da lokacin da za a rufe labari, marubuci bai samu ta cewa ba.

Jan rai ba laifi ba ne, kuma Bahaushe ya san daɗinsa tun kafin talabijin. A littafi na ɗaya na Magana Jari Ce, aku yana riƙe Musa ɗan Sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, amma Abubakar Imam bai bar mu a nan ba: Sarki ya dawo daga yaƙi, asirin Waziri ya tonu, kowa ya ga sakamakonsa. Haka Shahrazad take katse labari da asuba a Dare Dubu da Ɗaya, kuma kullum tana cika shi in dare ya yi. Ko tatsuniyar tsohuwa tana da kalmar buɗewa da ta rufewa, yara ba sa tashi sai sun ji an rufe. A al'adarmu, mai labari yana da ikon jinkirta amsa gwargwadon gwanintarsa, amma ba a san shi da tafiya da ita ba.

Akwai kuma dalilin da ya fi wannan nauyi, wanda mutanen bakin ruwa za su fi kowa ganewa. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya shanye tsohuwar Bussa da ƙauyuka da gungunan da Gungawa suka zauna shekaru aru-aru, aka sake wa mutum kimanin 44,000 matsuguni. Gidaje da maƙabartu da wuraren tsafi na da duk suna ƙarƙashin ruwan. Ba abin mamaki ba ne a ce labaran aljanun ruwa suna da ƙarfi a irin wannan wuri, kuma Musulmi bai musun samuwar aljanu, tunda akwai sura guda a Alƙur'ani da sunansu. Sai dai abin da ke cin rayuka a tafkin an san shi. A ranar 26 ga Mayu, 2021, jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 150 ya nutse kusa da Wara a ƙaramar hukumar Ngaski, kaɗan ne suka tsira, kuma hukumomi sun ɗora laifin a kan lodin da ya wuce kima. Ga tsufan jirage, ga tafiyar dare, ga rashin rigar kariya, ga kututturan itatuwan da ruwa ya rufe tun lokacin da aka cika tafkin. Yanzu a ɗauka an yi shiri a kan wani gari da jiragensa ke nutsewa. Kashi goma na farko dole su cika da raɗe-raɗi, da zargin mayu, da zuwa wurin boka, domin haka ake gina irin wannan labari. Bayanin gaskiya, wato wane ne ya ci kuɗi ya bar ruɓaɓɓen jirgi a kan ruwa, sai a kashi na ƙarshe yake zuwa. In aka katse shirin kafin nan, abin da ya rage a kan mai kallo shi ne zargi da tsoro, kuma zargin maita a ƙauye yakan ƙare ne a kan wata tsohuwa marar gata. Shirin al'ajabi da aka bari a buɗe ya riga ya yanke hukunci, kuma boka ya ba gaskiya.

Wasu za su ce ai gaibu ba a warware shi, kuma gwanintar marubuci ita ce ya bar mai kallo yana tunani. Lynch kansa yana cikin masu wannan ra'ayi, don bai so a bayyana makashin Laura Palmer ba. Ina girmama hujjar, amma akwai bambanci tsakanin tambayar da marubuci ya bari da gangan bayan ya sauke sauran nauyin da ke kansa, da tambayar da ta rage don kuɗi sun ƙare. Tarihin Yauri yana da misalin tambayar da ba ta da mai amsawa. Bature matafiyi Mungo Park ya biyo kogin Kwara ya iso Yauri a farkon 1806, a nan jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, ya ƙarasa Bussa ya halaka a cikin duwatsun ruwa. Richard Lander da ƙaninsa John sun zo Yauri a 1830 suna neman takardunsa, ba su sami littafin tafiyarsa ba, wurin da ya mutu ma yanzu yana ƙarƙashin tafki. Ba wanda za a zarga da wannan giɓi, domin waɗanda suka san amsar sun mutu. Marubucin fim kuwa shi ya ƙulla asirin da hannunsa. In ya san amsar ya ƙi bayarwa, ya riƙe haƙƙin mutane. In kuma bai taɓa saninta ba, to tun kashi na ɗaya yake sayar da abin da ba shi da shi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta kuɗi. Furodusa a Kano zai ce shi ma ba da son ransa ba ne: mai ɗaukar nauyi ya janye, jaruma ta yi aure ko ta fita daga shirin, kuɗin YouTube bai biya kuɗin aiki ba. Duk gaskiya ne, kuma ba wanda zai ce mutum ya ci bashi don ya faranta wa masu kallo. Amma wannan hujja ce ta a yi tsari tun farko. Odar da Friese ɗin nan su ne suka yi Dark, suka tsara shi zango uku, suka gama shi a kashi ashirin da shida tsakanin 2017 da 2020, kuma har yau ana kallonsa saboda yana da ƙarshe. Kuskurensu a 1899 shi ne sun jingina komai a kan zangon da ba a sa hannu a kansa ba. Wanda ba shi da tabbacin zango na biyu, sai ya rufe babbar tambayar a na ɗaya, ya bar ƙarama a buɗe. Ko bayan an soke shiri ma akwai mafita. Tashar NBC ta soke Manifest a Yunin 2021 bayan zango uku, labarin jirgin saman da ya ɓace ya sauka bayan shekara biyar da rabi, sai Netflix ya ga yawan masu kallonsa ya ba da kuɗin kashi ashirin na rufewa, marubucin ya matse abin da ya tsara wa sauran zango uku a cikinsu. Shirin Sense8 kuma, bayan an soke shi, kashi ɗaya mai tsawo na rufewa aka ba shi a 2018. Mu a nan muna da hanya mai arha fiye da tasu. Hausawa suna karanta littattafan labari, suna sauraron karatunsu a rediyo da waya. Furodusan da ya kasa ɗaukar kashi na ƙarshe yana iya rubuta shi ya sake, ko ya sa a karanta shi da murya a tashar da ya saba sa shirin. Wani zai ce ƙarshen gaggawa yakan fito da rauni. Haka ne, sau da yawa, amma mai kallo yana iya auna ƙarshe mai rauni ya yaba ko ya kushe, abin da ba zai iya yi da shiru ba.

Hukuma ma tana da nata kason. A watan Mayu, 2025, Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ƙarƙashin Abba El-Mustapha ta dakatar da shirye-shirye ashirin da biyu a lokaci guda, ciki har da Labarina da Daɗin Kowa da Manyan Mata da Gidan Sarauta, bisa dalilin cewa ana sakin su ba tare da an kawo an tace ba. Dakatarwa ce da sharaɗin a kawo a duba, kuma doka ta ba hukumar wannan hurumi. Amma matakin ya nuna yadda takarda ɗaya daga Kano ke iya tsayar da labarin da ake bi a Yauri da Maraɗi da Kumasi. Tunda hukumar ta ce kare mai kallo take yi, to kariyar ta haɗa da wannan ɓangaren. Ina kira gare ta da ta riƙa neman furodusa ya faɗi yawan zangon da ya tsara, ya kuma ajiye taƙaitaccen ƙarshen labarinsa a rubuce ranar da ya zo rajista. In kuma ta ga dole ta tsayar da wani shiri gaba ɗaya, ta ba shi damar kashi ɗaya da aka tace don ya sallami masu kallonsa. Tashoshin talabijin su sa wannan sharaɗi a yarjejeniyarsu da masu shirya fim. Matasan Yauri da Ngaski da Shanga da ke sha'awar ɗaukar labaran tafkinsu kuwa, kada ku kunna kyamara sai kashi na ƙarshe yana rubuce a hannunku.